Ranar da Layina Ya Shiga Shirin Likita

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Tarauni, akwai wani shirin lafiya da ake yi a talabijin da hantsi, daga sha ɗaya zuwa sha biyu, Litinin da Alhamis. Ba zan faɗi tashar ba, ba kuma zan faɗi sunan shirin ba. Wata mai gabatarwa ce take zama da likita, su ɗauko wata cuta su tattauna, daga baya a buɗe layi masu kallo su bugo waya. Mahaifiyata, da ke zaune a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, ba ta haɗa shirin nan da komai. Ko baƙi ta yi, in sha ɗaya ta yi sai dai su juya su kalla tare da ita. In babu wuta a tayar da janareta, janaretan da ko zafi zai kashe mu ba ta yarda a taɓa shi.

Likitan shirin kuwa "likitana" take ce masa. Ba ta taɓa ganinsa ido da ido ba, bai san da zamanta a duniya ba, amma likitanta ne. Abokiyar kallonta ita ce maƙwabciyarta, wata dattijuwa 'yar Kudancin Kaduna, Kirista, tsohuwar malamar firamare da ta yi ritaya. Mama muke ce mata tun muna yara. Da ta ji kiɗan buɗe shirin za ka ga ta shigo da kujerarta ta roba, don ta ce kujerun falonmu suna sa mata ciwon baya.

Ni dai shirin nan haushi yake ba ni, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Awa ɗaya ce tal. Sai an ci minti goma ana yi wa likita sannu da zuwa. In ya fara bayani, kalma uku Hausa, huɗu Turanci, tsofaffi suna ta gyaɗa kai ba su san me aka ce ba. In aka buɗe layi kuma, nan ne raina yake ƙarasa ɓaci. Mutum ya sha wahala layinsa ya shiga, sai ka ji: "Salamu alaikum. Hajiya ina kwana? Ya aiki? Ya iyali? Likita ina kwana? Ya masu jiki? Allah ya ƙara basira. Ina so in gaida mahaifiyata, da yayata, da 'yan majalisarmu ta bakin titi, da duk wanda ya san ni." Ana ce masa ya rage ƙarar talabijin ɗinsa, yana cewa "Na'am?" Kafin ya kai ga ciwon da ya sa shi bugowa, kati ya ƙare. Haba jama'a! Na sha miƙewa tsaye a falon nan ina yi wa talabijin faɗa, mahaifiyata tana cewa in matsa na tare mata.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne talla. Ana tsakiyar bayani sai mai gabatarwa ta ce za su je su dawo, sai ga wani mutum ya fito sanye da farar riga irin ta likitoci, riƙe da jarkar jiƙo, yana rantsuwa cewa duk wanda ya sha kwana arba'in ya rabu da hawan jini da ciwon suga, ya yi ban kwana da ƙwayar asibiti. Ana gama tallan sai a dawo kan likitan gaske, ya ci gaba daga inda ya tsaya kamar ba a yi komai ba.

Mahaifiyata tana da hawan jini, ta daɗe da shi. Ƙwaya ɗaya take sha kullum da safe, kuma lafiyarta ƙalau.

Wata Asabar na je gaishe ta, ina fitowa Mama ta tare ni a soro. Ta rage murya ta ce, "Malam, zo in gaya maka. Hajiya ta ajiye maganinta, yau sati uku ke nan. Wancan na jarka take sha. Na yi magana har na gaji, ta ce ni malamar makaranta ce ba malamar asibiti ba."

Na koma ciki da sauri. Ga maganin nan a kan firji, ko ɓare shi ba a yi ba. Ga jarka a gefen gado, an sha kusan rabi. Na durƙusa na ce, "Hajiya, me ya sa kika daina shan magani?"

Ta ce, "Na samu wanda ya fi shi. A shirin likitana na gani."

Na ce, "Hajiya, talla ce fa. Kuɗi mutumin nan ya biya aka sa shi. Babu ruwan likita da shi."

Ta dube ni irin kallon da take mini tun ina aji uku in na kawo shirme. Ta ce, "Yana zaune a wurin fa. In abin ba shi da kyau, zai bari a sa a cikin shirinsa, ya yi shiru? Kai in wani ya shigo ajinka yana koya wa yara ƙarya, zuba masa ido za ka yi?"

Na ce to mu je asibiti a auna ta. Ta ce ba za ta je ta bi layi tun da sassafe ba, yaro sa'an jikanta ya rubuta mata takarda bai ko ɗago ya dube ta ba. Na kawo mai auna hawan jini har gida, ta ce ba ta da lokaci. Na sa ƙanwarta da ke Ƙauyen Alu ta yi mata magana, ashe ita ma jarkar take sha. Na yi lallashi, na yi fushi, na yi kamar zan yi kuka. Daga ƙarshe da na ishe ta, sai ta ce, "Kai, ka ƙyale ni haka. In likitana ya faɗa da bakinsa in koma ƙwaya, zan koma. In bai faɗa ba, kada ka sake tayar mini da zancen nan."

Na san halin mahaifiyata, in ta faɗi magana ba ta canjawa, ko ta alheri ko akasinta. Don haka aikina ya zama ɗaya: in samu layin shirin nan, in sa likitan ya faɗa tana ji.

Sati biyu ina fama. Sha ɗaya na safe ina aji, sai in ba yara aiki in fito baranda ina danna waya. Layi a cike, layi a cike. Ina jin haushi ina tunanin yanzu haka wani yana can ya riƙe layin yana gaida surukansa. Ana haka, ran wata Litinin, Mama ta kira ni ta ce an yi sanarwa: Alhamis mai zuwa shiri na musamman za a yi, ba za a ɗauko wata cuta ba, ra'ayin masu kallo za a ji a kan yadda za a gyara shirin. An ƙara layukan waya, kuma likita zai zauna.

Kai, ranar na ji daɗi! Na ce yau ga ranata. Shekara nawa ina yi wa talabijin faɗa ba ta ji, yanzu su da kansu sun ce a zo a faɗa.

Ran Laraba da la'asar na je gida da takarda da biro, na ce kowa ya kawo ra'ayinsa. Mama ta ce ita dai abu biyu: in likita ya ambaci magani a nuna kwalinsa kusa, a rubuta sunan da manyan baƙaƙe, don idonsu ya yi rauni. Sannan a riƙa maimaita shirin da yamma saboda ma'aikata. Mahaifiyata ta ce a ƙara lokaci ya zama awa biyu, kuma a gaya wa likitanta ya riƙa cin abinci, ta ga ya rame. Na ce, "Hajiya, wannan ai ba gyaran shiri ba ne." Ta ce, "Ka rubuta dai, ai ba kai za ka ci ba." Wata maƙwabciya da ta shigo aron turmi ta ce a daina kawo maganar cututtukan mata a lokacin da yara suke dawowa daga makaranta. Mama ta ce ai sha ɗaya yara ba su taso ba. Maƙwabciyar ta ce nata suna gudowa. Aka yi ta musu a kan wannan har aka kira magariba.

Na zauna na tsara komai, maki bakwai cif. Na ɗaya, a rage gaisuwa. Na biyu, likita ya yi Hausa. Na uku, a cire tallan jiƙo. Haka har na shida. Tambayar mahaifiyata kuma na sa ta a na bakwai. Kun san dalili? Saboda haka nake koya wa ɗalibaina rubutun insha'i: ka fara da shimfiɗa, ka bi da hujjoji, ka rufe da abin da ya fi nauyi don ya zauna a zuciyar mai karatu. Malamin makaranta ke nan, ko gobara ce sai ya yi mata gabatarwa.

Mama ta karɓi takardar ta sa tabarau ta duba. Ta ce, "Malam, ka fara da ta Hajiya mana."

Na ce, "Mama, ranar ra'ayi ce. In na fara da tambaya za su ce ba ranarta ba ce, su kashe."

Ta ce, "To ka sa ta ta biyu."

Na ce kada ta damu, na san yadda zan yi. Gaskiyar magana, wadda ban faɗa mata ba, ita ce ina so a ji ni. Ina so mutanen Kano su ji wani ya bugo waya ya yi magana mai tsari, su ce wannan malami ne.

Ran Alhamis na roƙi abokina ya riƙe mini ajina, na tari a-daidaita-sahu zuwa Gyaɗi-Gyaɗi. Babu wuta, na tayar da janareta. Muka jera wayoyi uku, tawa da ta mahaifiyata da ta Mama, kowa yana dannawa. Waɗanda suka riga mu shiga kuwa, Allah ya ba ni haƙuri. Wani ya ce shirin ba shi da wata matsala, Allah ya ƙara ɗaukaka, sannan ya gaida mutum goma sha. Wata ta ce a canja labulen bayan likita, kalarsa ba ta yi ba. Wani ya ce a riƙa ba masu bugowa kyautar kati. Ina ta tsaki, ina cewa ku ji shirme don Allah.

Saura minti ashirin a tashi, sai Mama ta zabura ta ce, "Ya shiga! Ya shiga!" Ta miƙo mini wayarta. Na ji muryar mai gabatarwa a kunnena, na kuma ji ta a talabijin: "Salamu alaikum, wa muke da shi a kan layi?"

Jama'a, ban san abin da ya same ni ba. Ga babbar mace ta yi mini sallama, ga likita yana kallona ta cikin gilashi, ga mahaifiyata a gefe tana zungurina tana cewa, "Ka gaishe su da kyau, kada ka ba ni kunya." Bakina da kansa ya buɗe. "Wa alaikumus salam. Hajiya ina kwana? Ya aiki? Ya iyali? Likita ina kwana? Ya ƙoƙari? Ya masu jiki?" Mahaifiyata ta ce, "Ka ce ina gaishe shi." Na ce mahaifiyata tana gaishe shi. Likita ya ce yana amsawa, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ai sai ta kama baki don murna. Ta sake zungurina: "Ƙanwata tana kallo." Na gaida ƙanwarta ta Ƙauyen Alu. Na ga ba daɗi in bar Mama da wayarta nake amfani, na gaishe ta ita ma, tana ta girgiza mini kai tana nuna takarda. Aka ce in rage ƙarar talabijin. Na ce, "Na'am?"

Da na dawo hayyacina na ɗaga takarda na gyara murya. Na ce, "Shawarata ta farko, don Allah masu bugowa su rage gaisuwa, tana cinye lokaci."

Mai gabatarwa ta fashe da dariya. Ta ce, "To Malam, ai kai ma ka taɓa kaɗan." Likita ma ya sunkuyar da kai yana dariya. Nan fa zuciya ta ɗebe ni. Maimakon in wuce, sai na tsaya kare kaina, wai ai ni dole ce ta sa, wai gaisuwa daban, jerin sunaye daban. Na shiga na biyu da zafi, na ce likita ya riƙa tuna cewa tsofaffi ne suke kallonsa, ba ɗaliban jami'a ba. Ya ce ya karɓa, zai gyara. Mama ta matso tana buga yatsa a ƙasan takardar, a kan na bakwai. Na ɗaga mata hannu alamar ina zuwa. Na ce, "Na uku, wannan tallan jiƙon da kuke sakawa a tsakiyar..."

"To mun gode ƙwarai, Malam, akwai masu jira a layi." Ɗif. Na bi wayar da kallo. Mai gabatarwa ta juya ta kalli masu kallo ta ce za su je su dawo. Sai ga mai farar riga da jarkarsa.

Mahaifiyata ta gyara zama ta ce, "To ka gani. Ka ambaci maganin a gabansa. Da da matsala ai da ya ce wani abu. Har addu'a ya yi mini." Mama ta miƙe. Ta karɓi wayarta, ta ɗauki kujerarta ta fita.

Takaici ya hana ni cin abinci ranar. Kwana uku ban taka gidan ba, wai ni ina fushi. Da wa? Oho. Na zauna na rubuta wasiƙa shafi huɗu, na kai har ƙofar tashar, mai gadi ya karɓa ya ce za a ba su. Na koma buga waya Litinin da Alhamis, layin bai sake shiga ba. Na sake yi wa mahaifiyata magana sau biyu, ta ce ai mun yi alkawari, kuma likita bai faɗa ba.

Bayan kamar sati uku, ina tsakiyar darasi, Mama ta kira ni. Ba ta ko yi sallama ba. Ta ce, "Malam, ka taho yanzu, Hajiya ta faɗi." Wajen alwalar azahar ne, buta na hannunta. Kafin in iso maƙwabta sun sa ta a mota, a asibiti na same su. Bakinta ya karkace, hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi.

Washegari likitar da ke duba ta, wata matashiya, ta tsaya a bakin gado da fayil. Ta ce, "Tun yaushe ta daina shan maganinta?" Na ce wata biyu da wani abu. Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Kun sani?" Na ce mun sani. Ta ce, "Kun sani kuka zuba mata ido? Wa yake kula da ita a cikinku?" Ƙannena da ke tsaye a wurin duk suka juyo suna kallona. Na buɗe baki, me zan ce? In ce ina da maki bakwai?

Sai muka ji mahaifiyata tana ƙoƙarin magana. Da ƙyar kalmomin suke fita, sai da na sunkuya. Ta ce, "Ba laifinsa ba ne. Ya gaya mini." Na fita waje na tsaya a jikin bango na yi kuka, babba da ni, mutane suna wucewa.

Alhamdu lillahi, ta tashi. Magana ta dawo, ƙafa ta dawo da sanda. Hannun dama ne bai dawo daidai ba har yau, da hagu take cin abinci, kuma duk lokacin da za ta ci sai ta nemi gafarar Allah a kan hakan, ko da malamai sun gaya mata babu komai. Maganinta kuwa ba ta ƙara tsallake ko kwana ɗaya ba.

Shirin fa? Bayan wata guda suka yi sanarwar cewa sun saurari ra'ayoyin masu kallo, sun yi gyara. Sun canja labule. Sun kawo sababbin kujeru. Sun ware minti biyar na musamman don gaishe-gaishe, wanda bai hana kowa gaisuwa a sauran lokacin ba. Mai jarka yana nan daram, sai ma da aka ƙara masa fita sau biyu. Ranar da na ga haka na kusa jifan talabijin da takalmi.

Na daɗe ina ɗora musu laifin gaba ɗaya, kuma har gobe ina cewa suna da nasu kaso, babba ma. Ba ka zaunar da likita ka sa mai jarka a tsakiyar maganarsa, sannan ka ce tsohuwar da ba ta yi boko ba ita za ta bambance. In kuna da hanyar gaya wa masu irin waɗannan shirye-shiryen, ku gaya musu, ni na gaji. Amma da shekaru suka tafi, na daina yi wa kaina ƙarya. Sun ba ni kusan minti biyu. Ba kowa ne ya samu ba. Na tafi gyara musu shiri, na tafi nuna na iya magana, alhali abu ɗaya ne ya kai ni, kuma tana zaune a gefena.

Wata rana ina zaune ni kaɗai a ofishin malamai, na ciro waya na kunna agogo, na faɗi tambayar a fili yadda ya kamata in faɗe ta: "Likita, mahaifiyata ta ajiye maganin hawan jini tana shan jiƙo, ga ta nan tana jin ka, ta koma ko kada ta koma?" Ban yi sauri ba, a hankali na faɗa. Na duba agogon. Daƙiƙa tara.